Tambayi Makanike: Masu shiga daji da Hilux, ga amsoshinku

Wasiƙun wannan wata kusan duka a kan motocin shiga daji suka zo, kuma ba abin mamaki ba ne, damina ta kankama, hanyoyin fadama sun fara riƙe motoci. Na haɗa masu kama da juna, na rage wa masu tsawo. Waɗanda suka yi tambaya a kan na'urar sanyaya mota su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba. Ina da Hilux ƙirar 2013 mai shan fetur, da ita nake shiga ƙauyukan fadama sayen shanshera. Duk damina sai cikinta ya zauna a laka. Wani mai walda ya ce zai ɗaga mini ita inci huɗu, ya ƙara ganyen sifirin bibbiyu a baya, ni kuma in sa manyan tayoyi. Tayar da ke kai yanzu 265/65R17 ce. In ba shi aikin?
Daga mai sayen shinkafa, Dakingari

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna. Ka samu wuri mai lebur, ka shimfiɗa buhu, ka kwanta ka leƙa ƙarƙashin motar ta baya. Abin da za ka ga ya fi kusa da ƙasa shi ne ƙullutun nan na tsakiyar aksul, inda giyoyin difarenshal suke, masu raba wa tayoyin biyu ƙarfin inji. Sifirin a saman aksul yake zaune, saboda haka duk ƙarfen da mai walda zai cusa, shasi da bodi zai ɗaga, ƙullutun yana nan inda ka bar shi. To a hanyoyinku, inda tarakta da manyan motoci suka haƙa layi biyu suka bar tudu a tsakiya, wannan ƙullutun tudun yake kamawa. Ba abin da ke ɗaga shi sai taya.

Tayar ma ba ta bayarwa da yawa. Taka tsayinta daga ƙasa zuwa sama milimita 776 ne. In ka koma 265/70R17 ka samu 803, kuma rabin bambancin ne rabonka, wato milimita 13. In ka haura zuwa 285/70R17, wadda na tabbata ita ake nuna maka, ka samu 831, ƙullutun ya tashi da milimita 27, inci ɗaya da 'yan kai. Ga abin da za ka biya a kan wannan incin: tayar ta fi ta asali girma da kashi 7 cikin ɗari, jan motar ya ragu da kusan haka a kowace giya, kuloci ya riƙa shan wuta wajen tashi da lodi, birki ya ƙara nisa, maleji ya nuna 100 alhali kana kan 107. Tana kuma gogar bodi in ka karya sitiyari har ƙarshe. Shan mai kuwa, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba na jin akwai wanda sai na yi wa bayani. Injin 2.7 na fetur akwai haƙuri, amma ba shi da rarar ƙarfin da zai yi kyauta da shi.

Sai batun gaba. Tsofaffin Hilux da yawa na kafin 1997, da Land Cruiser a-kori-kura har gobe, aksul ɗin gabansu ƙarfe ɗaya ne daga taya zuwa taya, suna jure ɗagawa. Taka ba haka aka ƙera ta ba. Kowace tayar gaba da hannuwanta, kuma shaf biyu ne ke kai musu ƙarfi, kowanne da gaɓoɓinsa a cikin robar giris. Ɗagawar milimita 40 zuwa 50, inci biyu ke nan, suna ɗauka. Da an wuce haka ba a canja hannuwan sama ba, ba a sauko da difarenshal ɗin gaba ba, shaf zai riƙa juyawa a karkace, roba ta yage, laka ta shiga giris, boljoyin na sama ya ƙure. Ranar da boljoyin ya fita taya kwanciya take yi, kuma ba ta zaɓen wuri. Inci huɗu na walda, a motar da ake yi wa lodi har ya wuce kan direba, a hanyar da gefe ɗaya ya fi ɗaya zurfi, kifewa ake nema.

Ƙarin ganyen sifirin kuwa yana hana baya zama ƙasa, shi ke nan aikinsa. Bai ƙara wa boris ƙarfi ba, bai ƙara wa birki ba, bai ƙara wa shasi ba. Abin da Hilux ke ɗauka wajen tan ɗaya ne, kuma a ciki har da kai da yaran motarka. Buhu goma masu kilo 80, da maza uku, kun cinye shi. Na san ana ɗora ashirin, ina kuma ganin inda shasin yake lanƙwasa, tsakanin gidan direba da bodin baya. Wani abin da ba a faɗa maka: sifirin da ya yi tauri ba ya barin aksul ya karkata ya bi ƙasa, taya ɗaya sai ta rataye a rami tana juyawa a banza. Ka ƙara ganye don kada ka kafe, ka koma kana kafewa inda da kake wucewa.

In ka ce sai ka ɗaga, ka sayi sifirin da shokozoba da aka ƙera tare don wannan ƙirar, na inci biyu ko ƙasa da haka, a yi alaimen bayan an gama. Ka tuna wa makanikenka da 'yar na'urar nan da ke jikin shasi ta baya, mai dogon ƙarfe zuwa aksul, wadda ke auna lodi tana raba ƙarfin birki. Da yawa daga Hilux na wancan zamani suna da ita. In an ɗaga ba a daidaita ta ba, gani take motar ba kaya, sai ta rage wa birkin baya ƙarfi kana ɗauke da tan guda. Ni dai da kuɗin a hannuna yake, 265/70R17 masu alamar LT, wato na motocin ɗaukar kaya, zan saya, sababbi, guda biyar, in rage buhu huɗu a kowane sawu. Ka duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan DOT a jikin taya: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Ta gwanjo mai kyan haƙora da ta shekara takwas, robarta ta riga ta mutu.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Ina tuƙa ma'aikatan lafiya zuwa rugage da ƙauyukan bakin iyaka. Mu yashi ne damuwarmu, rani da damina. Maigidana ya ce a sayo tayoyi masu manyan haƙora irin na laka. Za su yi?
Daga direba, Kangiwa

AMSA: Barka kadai, ƙanena. Ka gaya wa maigidanka cikin ladabi cewa tayar laka haƙa take yi. A fadama haƙar tana da amfani, domin ƙasa mai tauri na ƙarƙashin taɓon. A yashin Arewa ba abin da ke ƙarƙashi sai wani yashin, manyan haƙora binne ku za su yi da wuri. Abin da za ku saya ya fi taya ɗaya araha: gejin auna iska, da injin ba taya iska wanda ake maƙalawa a kan batir kai tsaye. Ƙananan nan da ake sokawa a ramin kunna taba ƙonewa suke yi kafin su cika taya biyu.

Masu facinmu, Allah ya yi musu albarka, in ba ka tsaya a kansu ba fam 45 ko 50 suke ɗura wa kowace taya. Leƙa jikin ginshiƙin ƙofar direba, akwai takardar da kamfani ya manna, za ka ga abin da ya ce bai kai haka ba. Taya mai tauri ɗan wuri kaɗan take takawa, duk nauyin motar a nan yake taruwa, sai ta nutse. Da ka bar burji za ka shiga yashi, tsaya ka sauke duka huɗun zuwa fam 20. In har yanzu tana nishi, ka je 18, ko 16. Tafin tayar tsawo yake ƙarawa, motar ta hau kan yashin maimakon ta riƙa tura shi a gabanta. Kada ka yi ƙasa da 15 sai in fitar da kai daga rami za a yi, domin taya na iya zare bakinta daga wili. Da wannan iskar ba a wuce gudun kilomita 40, ba a karya sitiyari da ƙarfi, kuma ido na kan kututturen kara da na itace, domin gefen tayar ya fito waje, nan ne kuma ba ta da kauri. Kafin ka hau kwalta ka mayar da iskarka. Taya mai ƙarancin iska a kan kwalta, a zafin Afrilunmu da ke wuce digiri 40, daga ciki take dahuwa, ta fashe maka ranar da ba ka zata ba.

Ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗun duka su ja, tun kana kan ƙasa mai tauri ake sa shi, ba sai an kafe ba. In taka mai makulli ce a cibiyar tayoyin gaba, sauka ka murɗa duka biyun zuwa LOCK, in ba haka ba giyar banza ka sa. Ogzilari mataki biyu ne, H4 da L4. H4 ya isa yashi mara zurfi. Mai zurfi, ka tsaya cak ka sa L4, wanda ke ninka jan motar kusan sau biyu da rabi, ka tashi da giya ta biyu ka kama ta uku, ƙafarka nesa da kuloci. Da ka ji ta daina gaba, ɗaga ƙafa daga totur nan take. Koma da baya a kan sawunka, ka sake ɗibar gudu. Yashin safe da na bayan ruwa ya fi na azahar riƙe mota, in tsarin tafiya a hannunka yake ku yi sammako.

Na san mai na wuya a wajenku, a 2019 ma har an hana kai shi gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka. In za ka ɗauki jarka, ta ƙarfe, a ɗaure a baya, ba cikin gidan fasinja ba, da takardar ofis da ke bayanin ta.

TAMBAYA: Malam, na manta ogzilari a ciki tun daga Jega har Koko a kan kwalta. Sitiyari ya yi nauyi, tayoyi na kuka a kwana, giyar kuma ta ƙi fita sai da ƙyar. Na ɓata wani abu?
Daga wani mai karatu, Jega

AMSA: Wataƙila ka tsira. Hilux ba ta da difarenshal a tsakiya, in ka sa H4 gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya daidai. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya. A ƙasa ko yashi taya na ɗan zamewa ta sauke bambancin, a kwalta ba ta samun haka, sai ya taru a farfela da giyoyi yana murɗa su. In ta sake ƙin fita, kada ka doki giyar. Sauka gefen hanya inda ƙasa take, ka yi baya a miƙe 'yan taku, za ta saki. A duba maka kuros na farfela biyun, a zubar da man ƙaramin giyabos a ga ko akwai garin ƙarfe. Akasin naka ma laifi ne: littafin Toyota ya ce a yi aƙalla kilomita 16 da ogzilari kowane wata don mai ya zagaya. A hanyar burji, ba kwalta ba.

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa. Ina kai kayan shago ƙauyuka, akwai mashigai uku da ke cika in an yi ruwa. Na ga motocin ƙungiyoyin agaji da bututu a gefen gilashi har sama. In na sa shi zan iya ratsa ruwa ko ya kai ƙirji?
Daga ɗan kasuwa, Ka'oje

AMSA: Ina amsawa, ɗana. Bututun nan, sinokel, abu ɗaya yake yi: yana mayar da inda inji ke shaƙar iska daga cikin fenda zuwa saman mota. Aikin ba ƙarami ba ne. Iska na matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, in fistin ya taso ya tarar da ruwa a silinda, kwanrod ne ke lanƙwasa ko ya fasa bulok. Injin gas, wato dizal, ya fi saurin mutuwa a haka, domin matsinsa ya fi na fetur, wurin da ya rage a saman fistin kaɗan ne.

Amma ruwa ƙirji, a'a. Hilux ɗin da ta fito daga 2015, Toyota milimita 700 ya ce ta shiga, wato ruwa ya wuce gwiwa bai kai ƙugu ba, tsofaffin kuma ba su fi haka ba. Sinokel bai ɗaga birenbos ba, bai ɗaga alternato da fiyus ba, bai hana fanka lanƙwasa ta yanki lagireto in ta daki ruwa ba. Bai kuma ƙara wa motar nauyi ba. Ruwan da ya kai ƙofa ɗaga mota yake yi, tayoyi su saki ƙasa, in mai gudu ne ya tafi da ita a gicciye. Rafukan da ke gangarawa Kwara a wajenku ba su da faɗi, amma bayan ruwan dare ƙarfinsu ya isa. Ƙa'idata ita ce mutum ya shiga da ƙafa da sanda tukuna, ya taka inda kowace taya za ta bi. In ruwan ya hana shi tsayuwa, motar ma ta jira. Awa biyu ko uku irin waɗannan rafukan sun faɗa.

In za ka sa, ka sa na kirki. Akwai na Safari da ake yi a Ostareliya, akwai kwaikwayonsa birjik, wasu rana ɗaya ta bazara ke fasa su. Wanda aka haɗa da bututun ruwa na roba da salatif ya fi babu haɗari, domin yana sa direba ya yarda da abin da ba shi da shi. Bayan an ɗaura, a tayar da inji a toshe bakin bututun na ɗan lokaci. In injin bai nemi mutuwa ba, akwai inda yake shan iska, ta nan kuma ruwa zai bi. A duba har ƙaramin ramin da ke gindin gidan iyakilina. Ribar da ba a cika faɗa ba ita ce ta hunturu: iskar sama ta fi ta bayan taya tsabta, iyakilina ya fi daɗewa.

Abin da ya fi kawo mini motoci bayan damina ma ba inji ba ne, aksul ne. A saman kowane difarenshal akwai ɗan hancin da yake numfashi. Ka taho da aksul da zafi ka tsoma shi a ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, ya zuƙi ruwa ta hancin ko ta sil. In ka kwance noti ka ga man ya koma fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga, kuma boris da giyoyi sun fara ci. Maganin ba tsada: a cire hancin, a sa siririn tiyo, a ja shi sama har cikin gidan inji, a sa masa ƙaramar matatar mai a baki. A yi wa na gaba da na baya da giyabos biyun. Ka bar mota ta huce kafin ka shiga, ka sa L4 giya ta biyu, tafiya ɗaya ba canjin giya a tsakiya, in ka fita ka ɗan tattaka birki ya bushe. In kuwa ta mutu a cikin ruwa, kada ka taɓa makulli. A jawo ta, a cire fulogi, a juya injin ya tofar da ruwan, a canja baƙin mai.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, gonata tana cikin fadama, bara sau da yawa sai tarakta ke fitar da ni. Ina son in sa winci da babbar bambar ƙarfe. Wane girma zan saya, kuma mai walda na gida zai iya yin bambar?
Daga manomi, Argungu

AMSA: Tare da naka, Alhaji. Lissafin winci, wato na'urar jawo mota da igiya, shi ne nauyin mota da kayanta sau ɗaya da rabi. Hilux da lodi ta kusa tan uku, kana neman mai jan tan huɗu da rabi ke nan, waɗanda aka rubuta wa fam 9,500 zuwa 12,000. Wannan lambar ta zagayen igiya na farko ce a kan gangar, duk zagayen da ya hau kan wani ƙarfin raguwa yake yi, shi ya sa ake warware igiyar da yawa. Yana iya zuƙar amfiya 400 in ya ji nauyi, saboda haka batir mai rai, manyan wayoyi, inji a kunne, ana ja ana hutawa. Sunan da aka fi sani shi ne Warn na Amurka, kamfanin da ya fara a 1948 da ƙera makullin cibiyar tayar jif.

To amma in tambaye ka: a fadamar Argungu me za ka ɗaura wa igiyar? Daga inda ka kafe zuwa darbejiya mafi kusa sai ka yi rabin kilomita. Dabarar da ta rage ita ce a haƙa rami a gaba, a binne safaya da igiya a jikinta, aikin awa guda da shebur. Winci na gaba kuma gaba kawai yake ja, alhali sau da yawa hanyar fita tana baya, inda ka fito. Shi ya sa ga manomi irinka na fi son wincin hannu irin Tirfor. Yana ja ta kowace fuska, ba ruwansa da batir, in ka gama ka ajiye shi a gida ba ka yawo da nauyinsa duk shekara. Haɗa shi da shebur biyu, da katako mai faɗi na ɗora jak, da faifan ƙarfe ko katakai biyu na sa wa ƙarƙashin taya.

Bamba da winci tare suna haura kilo 100, kuma a can gaban tayoyi suke rataye. Gaba zai zauna, ka rasa tsayin da kake nema, sai an canja sifirin gaba. Mai walda na gida ya iya ƙarfe, ban raina shi ba, amma abubuwa uku nake gani: ya yi walda a jikin shasi maimakon ya ɗaura da noti a ramukan da kamfani ya bari, ya toshe wa lagireto iska, sannan in motar mai jakar iska ce, bambar da ba a gwada ba tana iya sa jakar ta tashi a makare ko ta tashi a banza. Kamfanoni irin ARB, da ke wannan sana'a a Ostareliya tun 1975, gwajin karo suke yi wa tasu, kuɗin da kake gani ke nan.

Tun da tarakta na jan ka, ga abin da ya fi duk na sama muhimmanci. Kada a taɓa rataya igiya a ƙwallon nan na jan tirela da ke baya, ko a 'yan kunnuwan da aka yi don ɗaure mota a jirgin ruwa. In aka fizga, ƙwallon tsinkewa yake yi ya taho da gudun da ke fasa gilashi da kan mutum, an rasa rayuka a haka a ƙasashe da dama. A sa maka ƙugiyoyin ja na gaske a jikin shasi, gaba da baya. Sarƙa da igiyar waya ba a fizgar su, a hankali ake ja. A jefa buhu mai nauyi ko bargo a tsakiyar igiyar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa. Yaran gari da ke taruwa kallo a kore su nesa, fiye da tsawon igiyar, ko za su ji haushi.

TAMBAYA: Oga, a bidiyo na ga Turawa na hawa duwatsu da motoci, tayoyin duka na juyawa tare. Wani ya ce in aka yi wa difarenshal walda haka tawa za ta koma. Hanyar garinmu duwatsu ce da kwazazzabai.
Daga wani matashi, Zuru

AMSA: Gaskiya ya faɗa maka, rabinta. Difarenshal na barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, illarsa kuma in taya ɗaya ta rataye, ita ke juyawa, mai ƙasa ta tsaya. Walda na kashe wannan illar, ta kashe amfanin tare. A kwalta motar za ta riƙa turjewa a kwana, tayoyin baya su cinye, in an yi yayyafi ta nemi wucewa kai tsaye inda hanya ta karkata, kuma da lodi shaf ɗin aksul ne zai karye. Abin da kake so makullin difarenshal ne mai maɓalli, ka kulle a wurin wuya ka buɗe in ka wuce. Wasu Hilux da Land Cruiser da shi suke fitowa, duba allonka ko akwai maɓalli mai hoton aksul da alamar X. Ana kuma sayen na sawa, mai aiki da iska ko da lantarki. A baya ake fara sa shi.

Motocin bidiyon nan, na Moab da hanyar Rubicon a Amurka, da yawansu a tirela ake kai su bakin dutse, in sun karye a mayar da su gida a tirela. Hilux ɗin da Nasser Al-Attiyah ya ci gasar Dakar da ita a 2019 kuwa, suna da kamannin fuska kawai ta haɗa da taka, firam ɗinta na bututun ƙarfe ne, injinta mai silinda takwas. Taka gobe za ta kai mara lafiya asibiti.

Ga duwatsun ƙasar Zuru, kuɗinka ya tafi ƙarƙashi: faranti na ƙarfe mai kaurin milimita 3 ko 4 a ƙarƙashin tukunyar baƙin mai da ƙaramin giyabos da tanki, a ɗaure da noti, a bar ramukan da laka za ta zube. Iska ka rage kaɗan, wajen fam 25. L4 giya ta ɗaya, a hankali, ka ɗora taya a kan dutse maimakon ka bar shi ya bi ta tsakiya. Gangara ma da giya ake sauka, ba da kuloci a take ba.

TAMBAYA: Malam, ni ce mai motar, ɗana ke tuƙawa, muna kai hatsi kasuwanni. Ya dame ni a yi mata koren fenti, a sa baƙin gilashi da jiniya da dogayen fitilu a sama, wai don ɓarayin daji su ɗauka ta jami'ai ce su bar mu. Hankalina bai kwanta ba.
Daga wata uwa, Ribah

AMSA: Hajiya, ranki ya daɗe, hankalinki ya fi nasa gani. Ta fuskar doka, akwai dokar tarayya da ta hana farar hula yi wa mota fenti da koren sojoji, baƙin gilashi sai da izinin 'yan sanda, jiniya kuma ba ta kowa ba ce. Tun a shingen farko za a sauke shi. Ta fuskar daji kuwa, a yankinku da maƙwabtanku na Zamfara, motar da ta yi kama da ta jami'ai ita ake fara buɗe wa wuta, ba a tsayar da ita a yi tambaya. Su ma jami'an, in suka hango Hilux mai kamarsu da ba su san da ita ba, ba za su yi mata kallon alheri ba. Ki bar ta fara, a rubuta sunan sana'arku a ƙofa da manyan baƙaƙe, gilashi a bayyane.

Dogayen fitilun sama na da amfani ga mai tafiyar dare a daji, ku kuwa bai kamata dare ya same ku a hanya ba. In an sa, a ba su maɓallinsu daban, a kashe da an hau kwalta, domin makantar da mai tahowa suke yi.

Kuɗin fentin ki ba makanike ya bi abubuwan da ke tsayar da mota a inda ba a son tsayuwa: a wanke lagireto, a canja tiyoyinsa da fambel tun ba su nuna gajiya ba, a duba famfon mai da matatarsa, a ɗaure batir da kyau a goge kawunansa, a sayi safaya ta biyu da kayan facin tubles. Ya riƙa cika tanki tun daga gari, ya bi ayarin 'yan kasuwa, ya tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ya tashi.